Filin Tambaya da Amsa: Bafaranshen da Ya Yi Zane da Ɗige-ɗige

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Kumasi suka zo, kuma a kan mutum ɗaya suke: Georges Seurat, mai zanen nan na Faransa da ke cika ƙyalle da ɗigo-ɗigon fenti. Sunan a bakin Faransawa kamar "Sura" yake fita, haka kuma za mu riƙa rubuta shi a nan. Ga mai sana'ar fitar da surar abubuwa, suna ya dace da mai shi. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a babbar sakandare, ina sashen zane-zane, gidanmu a Asawase. An ba mu aiki a kan Sura. Wane ne shi? Gaskiya ne cikin talauci ya mutu, kamar yadda ake cewa masu zanen Turai na yi?

Amsa: 'Yata, wannan dai bai san talauci ba. An haife shi a Paris ranar 2 ga Disamba 1859. Mahaifinsa ma'aikacin kotu ne da ya tara dukiya ta hanyar saye da sayar da filaye da gidaje, don haka Sura bai taɓa dogara da cinikin zane don ya ci abinci ba. Ki riƙe wannan, domin shi ne ya ba shi damar ya kwashe shekara biyu a kan zane guda ba wanda ke ƙwanƙwasa masa ƙofa yana bin bashi.

Ya shiga babbar makarantar zane ta Paris a 1878, a hannun wani malami mai suna Henri Lehmann. Bai daɗe ba. A ƙarshen 1879 ya tafi aikin soja na shekara ɗaya a Brest, garin da ke bakin teku. Da ya dawo sai ya yi abin da yawancin masu kwaikwayonsa ke tsallakewa: ya shafe kusan shekara biyu yana zane galibi da baƙi da fari, da wani baƙin alli da ake kira Conté, a kan takarda mai kaushi. Ba ya jan layi ya zagaye abu. Goga allin yake yi, inda yake son duhu ya danna, inda yake son haske ya bar farin takarda na leƙowa ta tsakanin ƙurajenta. Aikinsa na farko da aka karɓa a babban baje kolin zane na Paris, a 1883, irin wannan ne: hoton abokinsa Aman-Jean.

A 1884 ya gama babban zanensa na farko, na matasa masu wanka a kogin Sen a unguwar Asnières, faɗinsa mita uku, tsayinsa mita biyu. Alƙalan babban baje kolin suka ƙi shi. Sai shi da wasu da aka yi wa irin haka suka kafa ƙungiyar masu zane masu zaman kansu, wadda ba alƙali ba kyauta, kowa ya kawo nasa. A nan ya haɗu da mai zane Paul Signac, wanda ya zama babban abokin tafiyarsa. Zanen yana Landan yanzu.

Wanda duniya ta fi sani shi ne na yammacin wata Lahadi a tsibirin La Grande Jatte, shi ma a kogin Sen. Ya fara a 1884, ya nuna shi a watan Mayun 1886. Tsayinsa mita 2.07, faɗinsa mita 3.08. Mutum kusan hamsin ne a ciki, da karnuka, da jiragen ruwa, da wata mata riƙe da biri a igiya. Kafin ya taɓa babban ƙyallen sai da ya yi gwaje-gwaje kusan sittin, wasu da alli, wasu da fenti a kan 'yan allunan katako da ba su fi tafin hannu biyu ba. Yakan yi waɗannan a tsibirin, ya koma ɗakin aiki ya haɗa. Wani mai sharhi, Félix Fénéon, shi ya raɗa wa salon suna "Neo-Impressionism" a 1886, ma'anarsa sabon salon masu zanen haske. Shi kansa Sura bai so a kira aikinsa "ɗige-ɗige" ba. Ya fi son a ce rarraba launi, kuma yana da gaskiya, kamar yadda za ki gani a amsa ta gaba.

Mutum ne mai zurfin ciki. Yana zaune da wata mata, Madeleine Knobloch, har sun haifi ɗa a farkon 1890, amma mahaifiyarsa ba ta sani ba sai kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa. Ya mutu ranar 29 ga Maris 1891 bayan gajeriyar rashin lafiya mai zafi, yana da shekara 31. Bayan mako biyu yaron ya bi shi. Zanensa na ƙarshe, na 'yan wasan sakos, wato masu tsalle-tsalle da wasa da dawaki a gaban 'yan kallo, an rataye shi a baje koli bai ƙarasa ba. Duk manyan zanukansa ba su wuce shida ko bakwai ba, amma na baƙin alli ɗaruruwa ne. In malaminku ya ba da dama, ki sa wannan a aikinki, yawancin ɗalibai ba sa ambata.

Tambaya: Ni mai rubuta allunan shaguna ne a Aboabo, shekara goma sha ina yi. Na ga zanen nan a waya na ce bari in gwada a allon wata mai waakye. Na yi ɗigon shuɗi da rawaya a jere don ganye ya fito kore. Da na tsallaka titi na duba, toka-toka na gani, kamar an watsa masa ƙura. Fentin ne jabu, ko hannuna ne?

Amsa: Masta, fentinka lafiya lau, hannunka ma haka. Abin da aka gaya maka ne ba daidai ba, kuma kai ba na farko ba ne. Maganar nan ta cewa ɗigon shuɗi da na rawaya kan haɗu a ido su ba da kore ta yaɗu har cikin azuzuwa, alhali ba ta aiki.

Haɗa fenti a gwangwani daban, haɗa shi a ido daban. A gwangwani, kowane fenti shanye wani ɓangare na haske yake yi. Rawaya ta shanye shuɗin haske, shuɗi ya shanye ja da rawaya, abin da ya tsira daga su biyun shi ne kore, shi ke dawowa idonka. Kowane launi da ka ƙara, haske na raguwa. Shi ya sa in ka zuba launi biyar a mazubi ɗaya sai ka samu ruwan kwata.

A kan allo kuwa, in ɗigon na gefe da gefe, babu wanda ke shanye na wani. Ɗigon shuɗi ya aiko da nasa hasken, na rawaya ya aiko da nasa, idon da ke nesa ya gauraya su ya ɗauki tsaka-tsaki. To a wajen haske, shuɗi da rawaya kishiyoyi ne, suna kashe juna, tsakiyarsu toka ce. Haka ja da kore mai shuɗi-shuɗi, haka shunayya da kore mai rawaya-rawaya. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma ka lura: a hannu baƙa ce da fararen ɗigo, in tana kiwo a bayan gari ruwan toka ce.

Gani ya kori ji. Ka yanke kwali zagaye, faɗin santimita 10. Rabi ka shafa shuɗi, rabi rawaya. Ka huda tsakiya, ka zura guntun fensir, ka murza shi kamar katantanwa. Launin da ka gani yana juyawa shi ne launin da ɗigonka zai ba da daga tsallaken titi. Wani masanin Amurka, Ogden Rood, da irin wannan faifan ya yi gwaje-gwajensa, ya buga littafi a kai a 1879, Sura kuma ya karanta shi. Duk haɗin da kake shakka, ka murza shi a kwali tukuna, minti biyar ne, ya fi ka ɓata yini.

To yaya Sura ya samu ciyawarsa? Da koren fenti. Ya fara shimfiɗa kore da buroshi mai faɗi, da gajeren shafi a gicciye, sannan daga baya ya bi da ƙananan ɗigo. Inda rana ta faɗa ya sa kore mai haske, rawaya, da ɗan ruwan lemo, domin hasken rana yake nufi. Inda inuwa take ya sa kore mai duhu, shuɗi, da tsirarun ɗigon shunayya ko ja. Masu rinjaye makwabtan juna ne a jerin launin bakan gizo. Kishiya kuwa kamar gishiri ce a miya: kaɗan ta tayar da ɗanɗano, in ta kai rabi da rabi ta kashe. Kai rabi da rabi ka yi.

Ka kuma sani ba da ɗigo aka fara zanen tsibirin ba. A zagayen farko, daga 1884 zuwa farkon 1885, shafi ne na buroshi. Ɗigon ya zo ne da ya koma kansa a ƙarshen 1885. Har yau in aka matsa kusa za a ga wasu doguwar lanƙwasa ce mai bin jikin riga ko kututturen itace, wasu gajeren layi, wasu ne kawai ɗigo na gaske. Hatta zanen masu wanka, daga baya ne ya koma ya ɗiga ruwan lemo da shuɗi a hular wani yaro. Ɗigo rigar sama ce. Abin da ke riƙe da zanen shi ne tsarin duhu da haske da ya koya a shekarun baƙin alli.

Akwai kuma wata dabara da za ta yi maka amfani ko a rubutu. Inda abu mai duhu ya haɗu da bango mai haske, Sura kan ƙara wa bangon haske dab da gefen, ya ƙara wa abin duhu a bakinsa. Inda abu mai haske ne, ya duhunta abin da ke bayansa. Sai mutum ko itace ya fito ɗas ba tare da an zagaye shi da baƙin layi ba.

Wata gaskiyar da masu yabonsa ba sa son faɗa: ɗigo ba ya sa zane ya fi fentin da aka yi shi da shi haske. Tsaka-tsaki ido ke ɗauka, ba jimla ba. Fuskar waya ce ke tara haske, domin ita fitilu ne ƙanana, ja da kore da shuɗi. Ɗiga mata ɗan ruwa a kan farin shafi za ka gan su. Fenti ba fitila ba ne. Ribar ɗigo ita ce launi ba ya dagulewa kamar na gwangwani, kuma fuskar zanen na yin wani ƙyalli kamar tana numfashi. Tun a zamaninsa akwai waɗanda suka ce zanukan sun yi fari-fari kamar an yi musu hoda. Camille Pissarro, dattijon mai zanen da ya rungumi salon a 1886, kafin 1890 ta wuce ya ajiye shi, ya ga yana cin lokaci yana kuma daskarar da hannu.

Game da sana'arka, shawararmu kada ka yi haruffa da ɗigo. Mai wucewa a cikin trotro daƙiƙa biyu gare shi ya karanta, launi ɗaya shimfiɗe yake buƙata. Ka bar ɗigon ga hoton kwanon abinci, ko ganye, ko bakin allo. In da fentin mai na gwangwani za ka yi, kwantar da allon a ƙasa, in yana tsaye kowane ɗigo zai zubo da hawaye. Kada ka tsinka shi da tina ko kananzir fiye da kima. Launi ɗaya a yini, gobe na biyu, domin in ka ɗora a kan ɗanye sun koma haɗin gwangwani ke nan.

Tambaya: Malamar firamare ce ni a Sawaba. Ina so in koya, in kuma koya wa yara. Me zan saya, ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da kanki kafin yaran, kuma ki fara da ƙarami.

Ki sa kafinta ya yanko miki filawud mai santimita 20 da 30. Ki goge shi da samfefa, ki shafa farin fentin bango na ruwa sau biyu, ki bar awa biyu tsakani, ki sake bi da samfefa mai laushi. In kin tsallake wannan, katako zai shanye fentin, launi ya mutu. Fenti ki nemi akirilik, yana bushewa cikin minti goma zuwa ashirin. Na mai sai ya yi kwanaki, a damunar Kumasi ma ya fi haka. Takwas sun isa: fari, rawaya mai haske, rawaya mai duhu, ja mai karkata ga ruwan lemo, ja mai karkata ga shunayya, shuɗi mai duhu, shuɗin sama, da kore. Farin ki sayi babba, shi ke fara ƙarewa. Ban da baƙi, ban da ruwan ƙasa. Sura ya fitar da su daga farantin da yake haɗa fenti a kai da salon ya nuna. Farantin nasa na nan a ajiye a Paris: launi goma sha ɗaya a jere kamar bakan gizo, da layin fari, da layin kowane launi gauraye da fari. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce, launi ba ya haɗuwa sai da makwabcinsa ko da fari. Buroshi mai zagayen baki lamba 2 guda uku, da mai faɗi guda ɗaya.

Ki ɗora lemo ɗaya, wanda ya nuna sosai, a kan farin ƙyalle kusa da taga, haske na zuwa ta gefe guda. Ki rufe ɗaya tagar in akwai. Da rana za ki yi aikin, ƙwan lantarki na canja shuɗi da rawaya.

Mataki na farko babu fenti a ciki. A takarda, da fensir ko gawayi, ki raba abin da kike gani gida uku: haske, tsakiya, duhu. Ki ɗan runtse ido, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan inuwa su fito. In wannan zanen bai yi kama da lemo mai nauyi zaune a kan ƙyalle ba, kada ki ci gaba, ɗigo dubu goma ba zai gyara shi ba.

Daga nan ki tsinka fenti da ruwa, kashi ɗaya da ɗaya, ki shafe allon duka da buroshi mai faɗi: ruwan lemo a jikin lemon, mai ɗan ja a gefen inuwa, shuɗi mai fari sosai a inuwar da ta kwanta kan ƙyallen. Kada ki bar farin allo. Masu farawa kan ɗiga kai tsaye a kan fari, sai farin da ke tsakanin ɗigon ya shiga lissafin ido, komai ya fito a koɗe kamar atamfar da ta sha wanki.

Yanzu ɗigo. Fentin ya kasance da kauri kamar man shanu, ba ruwa ko kaɗan. Ga ma'aunin farawa, cikin kowane ɗigo goma. Gefen haske: shida ruwan lemo, biyu ruwan lemo mai rawaya, ɗaya rawaya da fari, ɗaya ja. Gefen inuwa: biyar ruwan lemo mai ja, biyu ja, biyu shunayya, ɗaya shuɗi. Inuwar kan ƙyalle: shuɗi da fari, shunayya da fari, sai ɗigo kaɗan ruwan hoda dab da gindin lemon, domin lemon na mayar da launinsa a kan farin da ke kusa. Tsakanin haske da inuwa babu iyaka. Ɗigon wannan gefe su riƙa raguwa suna kutsawa cikin wancan, kamar yadda kasuwar Kejetia ke sirancewa a hankali har ta zama titi. Launi ɗaya ki gama zagaye allon da shi, ya bushe, sannan na gaba. Duk bayan minti goma ki jingina allon ki ja baya taku biyar ko shida. A can ake yanke hukunci.

Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne. Ɗigo a kan ɗanye na dagulewa. Fenti mai ruwa na bushewa ya bar zobe, tsakiyarsa fayau. Jera ɗigo layi-layi kamar kunyar gona na sa ido ya ga layin maimakon lemon, ki warwatsa su. Ɗigo mai duhu ƙwarai a cikin wuri mai haske ba ya narkewa, sai ya zama kamar ƙyanda; in za ki sa shuɗi kusa da rawaya, ki sassauta shi da fari har nauyinsu ya kusa. Akirilik kuma na ƙara duhu kaɗan in ya bushe, ki haɗa shi ya ɗan fi abin da kike so haske. Da hunturu fenti na bushewa a faranti kafin ki kai rabi. Ki samu robar abinci mai murfi, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu, ki ɗora takardar kwafin zane a kai, ki matsa fentin a nan. Allon kuma ki juya fuskarsa ga bango in kin tashi, saboda ƙura.

Ki yi lissafin lokaci tun kafin ki yi wa yara alkawari. Allonki murabba'in santimita 600 ne. Ɗigo mai faɗin milimita 3, kusan goma ke cika santimita ɗaya, wato 6,000 a shimfiɗa guda. In kina ɗiga arba'in a minti, awa biyu da rabi ke nan, kuma shimfiɗa biyu ko uku ake yi. Zanen tsibirin ya ninka allonki fiye da sau ɗari. Ga yara, kwali mai santimita 10 da 15 ya isa, da tsinken goge kunne mai auduga, kowane launi da tsinkensa. Ɗigonsa kusan milimita 5 ne, ɗari shida sun rufe kwalin, darasi ɗaya ya ɗauke. Launi uku makwabta ki ba su da farko, misali rawaya, ruwan lemo da ja. In kin ba su takwas, laka za su kawo miki.

Tambaya: Ni ɗinkin hula nake yi a Yalwa. Da jikana ya nuna min zanen sai na ce ai wannan aikinmu ne, zare kusa da zare. Na yi kuskure?

Amsa: Baba, ba ka yi kuskure ba, asalin ilimin ma daga masaƙa ya fito. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. Masaƙa na ƙorafin cewa baƙin zarensa ba ya baƙi. Ya bincika ya tarar rinin lafiya yake, zaren da ke kusa da shi ne ke canja yadda ido ke ganinsa: baƙi kusa da shuɗi sai ya yi kamar da ja-ja ko rawaya-rawaya a jikinsa. Kowane launi na tura makwabcinsa zuwa ga kishiyarsa. Ya buga wannan a 1839, kuma daga wannan rijiya Sura ya sha, ta hanyar littafin Charles Blanc na 1867.

Kai ka riga ka san abin a hannu. Rigar saƙi a kusa zaren baba ne da fari, daga nesa launi ɗaya ce mai sanyi. Batakari mai siraran layi haka. Masaƙan kente na Bonwire sun san rawaya kusa da baƙi ta fi ihu a kan rawaya kusa da fari.

Girman ɗinki da nisan mai kallo su ke yanke komai. Lafiyayyen ido na iya raba abu biyu masu tazarar kusan kashi uku cikin goma na milimita daga nisan mita ɗaya. Ke nan ɗigo mai milimita 3, fari da baƙi, sai an kai wajen mita goma kafin ya narke sarai. In launukan nauyinsu ɗaya, ba wanda ya fi wani duhu, suna narkewa tun kafin nan. Hularka a sahun masallaci ta narke ga na baya, ga na kusa kuwa kowane zare na nan. Zanukan Sura a tsakiyar nan suke zama, ba su narke duka ba, ba su rabu duka ba, daga nan ƙyallin ke zuwa. Signac daga baya ya ƙara girman nasa ɗigon har suka zama kamar 'yan tayil, ya daina neman su narke.

Tambaya: Ina sha'awar salon, amma ba na zana mai rai. Zai yiwu?

Amsa: Hukuncin wannan na malamai ne, ɗan'uwa, ba na wannan fili ba. Ta fuskar aiki kuwa babu abin da ka rasa. Kusan kowace bazara Sura kan tafi gaɓar tekun arewacin Faransa: Grandcamp a 1885, Honfleur a 1886, Port-en-Bessin a 1888, Le Crotoy a 1889, Gravelines a 1890. Yawancin abin da ya zano a can ruwa ne, da sama, da jiragen ruwa, da hasumiyar fitila, sau da yawa ba mutum ko ɗaya. A ganinmu a nan salon ya fi kyau, domin ɗigo ya fi dacewa da hazo da ruwa a kan fuskar mutum, wadda yakan daskarar kamar gunki. Rufin kwanon Aboabo da hantsi cikin hazon hunturu, ko tafkin Bosomtwe da sassafe, sun ishe ka aikin shekara.

Tambaya: A hoton zanen tsibirin na ga wasu ɗigo ruwan ƙasa a cikin ciyawa inda rana ta haska. Ba kun ce ba ya amfani da ruwan ƙasa ba? Daga wani ɗalibin zane a jami'ar Kwame Nkrumah.

Amsa: Idonka da kyau. Ba haka ya sa su ba. A zagaye na biyu ya yi amfani da wata rawaya da ake yi da sinadarin zink da kuromiyam, mai haske kamar ɓawon lemun tsami. Ba ta da juriya. Sinadarin ya sauya, rawayar ta koma ruwan ƙasa, ruwan lemo da koren da aka haɗa da ita su ma suka dushe. Ba a ɗau lokaci ba, a 1892, shekara ɗaya bayan mutuwarsa, Fénéon ya riga ya rubuta cewa zanen ya rage haske. Wuraren da ya nufa su fi ko'ina walƙiya su ne yanzu suka yi dabbare-dabbare. Bakin zanen mai ɗigon ja, ruwan lemo da shuɗi kuwa ƙari ne da ya yi wajen 1888 zuwa 1889, don kada launin firam ya shafi na ciki. Zanen na gidan adana zane na Shikago a Amurka tun shekarun 1920. An ba da aronsa zuwa New York a 1958, gobara ta tashi a ginin da yake, aka fitar da shi lafiya, tun daga nan ba ya fita.

Ranarmu ta fi ta Paris zafi, don haka ka duba jikin kowane fenti kafin ka biya. Masu kyau na ɗauke da alamar juriyar haske, I ko II, wasu kamfanonin taurari suke sawa. Launuka masu ƙyalli kamar rigar 'yan aikin titi su ke fara koɗewa, sai wasu ja da shunayya masu araha. In babu alama, ka gwada da kanka: ka ja layin kowane launi a kan farin kwali, ka rufe rabin kowane layi da wani kwalin mai kauri, ka manna shi a gilashin tagar da rana ke duka. Bayan mako shida ka ɗaga murfin. Duk launin da rabinsa biyu suka bambanta, ka bar shi ga gwajin aji, kada ya hau aikin da za ka sayar.